Mai Shirya Taron Kiɗa: Sana'ar da Ba a Tafa Mata

Akwai wata tambaya da ba ta barin ɗalibin harshe ya sha ruwa. Iyaye suna yin ta, abokanmu na sashen shari'a da na likitanci suna yin ta, mu ma mukan yi wa kanmu ita da zarar shekarar ƙarshe ta kawo jiki: wane aiki za a yi da wannan digirin? Amsar da aka saba bayarwa ba ta wuce uku ba, wato koyarwa da aikin jarida da fassara. Duka ukun ayyuka ne masu daraja, amma ina so in ƙara na huɗu a cikin wannan maƙala, shi ne shirya tarukan rubutaccen kiɗa da gudanar da cibiyoyin al'adu. A ganina Nijeriya tana da makaɗa, tana da marubuta kiɗa, tana kuma da zaurukan taro. Wanda ya yi ƙaranci shi ne mutumin da zai zauna ya zaɓi abin da za a kaɗa, ya nemo kuɗin, sannan ya shawo kan jama'a su zo su saurara. Rabin wannan aiki kuwa da harshe ake yin sa.

Wane irin kiɗa ne?

Abin da nake kira rubutaccen kiɗa shi ne wanda Turawa suke kira kilasika. Mai tsara shi yakan rubuta kowane sauti a kan takarda da wasu alamomi na musamman, ta yadda ko bayan rasuwarsa da shekara ɗari biyu wasu makaɗan za su ɗauki takardar su kaɗa abin da ya tsara. Babbar ƙungiyar da ke yin wannan kiɗa, wadda ake kira okestira, takan ƙunshi mutum 60 zuwa 100, da masu gogen Turawa manya da ƙanana, da masu busa, da masu ganguna, a ƙarƙashin jagora guda. Doguwar rubutacciyar da ake tsara wa irin wannan ƙungiya ita ce simfoni, wadda takan ɗauki daga minti 25 har fiye da awa ɗaya.

Asalin wannan kiɗa ba zai zama baƙo ga ɗalibin Hausa ba, domin a fada da wuraren ibada ya girma. Joseph Haydn ya yi kusan shekara 30, daga 1761 zuwa 1790, yana yi wa gidan sarautar Esterhazy kiɗa, yana cin abincin gidan, yana sa tufafin gidan, kamar yadda muka karanta a kan makaɗan fada irin su Narambaɗa da Jankiɗi. Muddin makaɗi yana da ubangida, ba ya bukatar mai shirya masa taro, don abin da ubangida ke so shi za a kaɗa. Sai da kiɗan ya fito daga fada ya shiga gari, aka fara sayen tikiti, sannan aka bukaci wani mutum a tsakanin makaɗi da mai sauraro. Daga nan wannan sana'a ta samo asali.

Mene ne aikinsa?

Aiki na farko shi ne zaɓe da jerantawa. Taron kiɗa na dare ɗaya yakan ɗauki kamar awa biyu, har da hutun minti 20 a tsakiya. Tsarin da aka fi sabawa da shi shi ne a buɗe da gajeren kiɗa, a biyo da wanda gwani guda zai nuna bajintarsa tare da ƙungiya, a tafi hutu, a dawo a rufe da simfoni. Mai shiryawa ne zai duba ko waɗannan ukun za su zauna lafiya da juna, ko kunnen mai sauraro zai gaji, ko makaɗan da ke hannu sun isa. Idan kiɗa ɗaya yana bukatar mutum 35, na biye da shi kuma 90, to akwai mutum 55 da za a biya don rabin dare kawai. Manyan ƙungiyoyi na Turai da Amurka sukan tsara jadawalinsu tun saura shekara biyu ko uku, saboda shahararrun gwanaye tun da wuri ake kama su. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Aiki na biyu shi ne gudanarwa: kasafin kuɗi, yarjejeniya da makaɗa, hayar zaure, hayar takardun kiɗa daga kamfanonin ɗab'i, biyan haƙƙin mallaka, ranakun gwaji, masaukin baƙi, talla, har da man janareto a irin ƙasarmu. Aiki na uku kuma shi ne bayani, wato ɗan littafin da ake ba mai sauraro a bakin ƙofa, da jawabin da ake yi kafin a fara, da wasiƙar da ake aika wa masu ɗaukar nauyi. Idan taro ya yi kyau jagora da makaɗa ake tafa wa. Idan ya ɓaci, mai shiryawa ake nema.

Abin da tarihi ya nuna

Mai karatu zai iya cewa ai kiɗa mai kyau shi ke sayar da kansa. Bari mu duba. Ranar 22 ga Disamba, 1808, Beethoven ya shirya wa kansa taro a birnin Biyana. A daren ne duniya ta fara jin simfoninsa na 5 da na 6, waɗanda a yau suna cikin mafi shahara a wannan fanni. Amma ya cusa abubuwa da yawa har taron ya kai awa huɗu, a cikin zaure mai tsananin sanyi, ga makaɗa ba su sami isasshen gwaji ba. A kiɗan ƙarshe sai da suka rikice, aka tsaya aka sake farawa. Gwanin tsara kiɗa ne babu shakka, amma a wannan dare ya rasa mai shirya masa taro.

Sai mu dubi ɗaya gefen. Da ubangidan Haydn ya rasu a 1790, wani makaɗi mai shirya taruka a Landan, Johann Peter Salomon, ya tafi Biyana da kansa ya ɗauko shi. A zuwa biyu da Haydn ya yi Ingila tsakanin 1791 da 1795 ya rubuta simfoni 12 domin mutanen Landan, waɗanda har gobe ana kaɗa su. Da Salomon bai yi wannan tafiya ba, da wuya a same su a yadda suke.

Haka nan Johann Sebastian Bach ya rasu a 1750, kuma babban aikinsa da ya tsara a kan Linjilar Matta ya kwanta shekaru da dama ba a jin sa. A 1829 wani saurayi ɗan shekara 20, Felix Mendelssohn, ya tara makaɗa da mawaƙa a birnin Balin, ya rage tsawon aikin daidai da haƙurin mutanen zamaninsa, ya gabatar da shi. Daga nan sunan Bach ya sake tashi. 'Yan uwana ɗalibai, ku lura da shekarun yaron nan, yawancinmu mun girme shi.

A 1895 kuma manajan wani zaure a Landan mai suna Robert Newman ya ɗauki matashin jagora, Henry Wood, suka fara tarukan da ake kira Proms. Dabararsa ita ce a sauƙaƙa kuɗin shiga, a bar masu ƙaramin ƙarfi su saurara a tsaye, a fara musu da kiɗa mai sauƙi, sannu a hankali a riƙa ƙara mai nauyi har kunnensu ya saba. BBC ta karɓi tarukan a 1927, kuma har yanzu ana yin su kowace shekara na kimanin mako takwas. Newman bai zauna jiran masu sauraro ba, renon su ya yi.

Misali na ƙarshe ya fi kusa da mu. Florence Price baƙar fata ce 'yar Amurka, wadda babbar ƙungiyar makaɗa ta Shikago ta kaɗa simfoninta a 1933. Bayan rasuwarta a 1953 aka manta da ita, sai a 2009 aka tsinci tarin takardunta a wani yasasshen gida a jihar Ilinoi. Tsintar takarda kaɗai ba ta rayar da kiɗa. Sai da masu shirya taruka suka riƙa sa ta a jadawali, har faifan simfoninta da ƙungiyar Filadelfiya ta yi ya ci kyautar Grammy a 2022. Darasin duka waɗannan ɗaya ne: abin da ake kira "manyan ayyuka" mutane ne suka zaɓe su, suka yi ta maimaita su har suka zama manya. Wanda ba a zaɓa ba, ko ya fi zuma daɗi, a cikin akwati zai ƙare.

Maganar kuɗi

Dole a faɗi gaskiya, wannan kiɗa ba ya ciyar da kansa da kuɗin tikiti. A 1966 wasu masana tattalin arziki biyu na Amurka, William Baumol da William Bowen, suka bayyana dalili. Masana'anta tana iya sayen inji ta rage ma'aikata, ta kuma ninka abin da take samarwa. Kiɗan da aka rubuta wa mutum huɗu a zamanin Haydn kuwa, har yau mutum huɗu ne za su kaɗa shi, a cikin mintocin da aka saba, alhali kuɗin haya da abinci da sufurinsu kullum ƙaruwa yake yi. Saboda haka akwai giɓi, kuma sai an cike shi. A Jamus gwamnatocin jihohi da na birane ne suka fi cike shi, a Amurka kuwa attajirai da gidauniyoyi. Duk inda aka je, wani ne yake rubuta takardar roƙon, ya kuma rubuta rahoton yadda aka kashe kuɗin.

Rashin mai kula da wannan ɓangare yana da tsada. Samuel Coleridge-Taylor, wanda mahaifinsa mutumin Saliyo ne, ya rubuta wani aiki da ya yi tashe ƙwarai a Ingila, amma ya sayar da haƙƙinsa gaba ɗaya a kan gini 15, wato fam 15 da sule 15. Kamfani ya yi ta cin riba, shi kuwa ya rasu a 1912 yana ɗan shekara 37, bai bar wa iyalinsa abin kirki ba. A dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, haƙƙin marubucin kiɗa yana nan har shekara 70 bayan rasuwarsa. Mai shirya taron da ya san wannan shi zai tabbatar magada sun sami rabonsu.

A nan gida

Masu cewa wannan kiɗa na Turawa ne kaɗai ba su bincika tarihinmu ba. T. K. E. Phillips ya daɗe yana jagorantar kiɗa a babbar majami'ar Christ Church ta Legas, kuma a hannunsa Fela Sowande ya fara koyo. Sowande, wanda aka haifa a Abeokuta a 1905 ya rasu a Amurka a 1987, ya rubuta African Suite a 1944, inda ya ɗora karin waƙoƙin Afirka ta Yamma a kan gogunan Turawa. Bayansa akwai Ayo Bankole da Akin Euba da Samuel Akpabot da Joshua Uzoigwe da Laz Ekwueme. Euba, wanda ya rasu a 2020, ya yi shekaru yana nuna yadda za a sa fiyano ta yi magana irin ta gangunan Afirka. Tambayar ita ce, a cikinmu mutum nawa ne suka taɓa jin ko da ɗaya daga cikin ayyukan waɗannan mutane?

A 2021 an kaɗa African Suite a tarukan Proms na Landan. Ƙungiyar da ta kaɗa shi, Chineke!, wata makaɗiya ce mai suna Chi-chi Nwanoku ta kafa ta a 2015, kuma mahaifinta ɗan Nijeriya ne. Ta kafa ta ne domin baƙaƙen fata da sauran tsirarun ƙabilu su sami wuri a wannan fage, ta kuma riƙa sa ayyukansu a jadawali. Abin farin ciki ne, amma akwai abin tunani a ciki. Bai kamata ɗan Abeokuta ya fi sauƙin ji a Landan a kan Abeokuta ba.

Muna da abin koyi a Legas. A 1983 aka kafa Ƙungiyar Kiɗa ta Nijeriya, wato MUSON, wadda cibiyarta take Onikan. Cikin waɗanda suka kafa ta akwai Akintola Williams, shahararren akanta wanda ya rasu a 2023 yana da shekara 104, da Louis Mbanefo, lauya, da Francesca Emanuel, babbar ma'aikaciyar gwamnati, da Ayo Rosiji da Rasheed Gbadamosi. Akanta da lauya da ma'aikaciya, ba da kiɗa suke cin abinci ba, amma sun san yadda ake riƙe ƙungiya. Manyan zaurukan cibiyar biyu suna ɗauke da sunayen kamfanonin Agip da Shell, gidauniyar MTN kuma ta fara ɗaukar nauyin ɗaliban difloma na makarantar kiɗan cibiyar tun 2006. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya faɗo daga sama, wani ne ya je ya yi magana har aka yarda.

Kwatanta wannan da babban gidan wasanni na ƙasa da ke Iganmu, wanda aka gina domin bikin FESTAC na 1977. Ginin ya fi na Onikan girma nesa ba kusa ba, amma ya yi shekaru yana lalacewa, sai da Babban Bankin Nijeriya da kwamitin shugabannin bankuna suka ɗauki nauyin gyara shi, aka kuma sa masa sunan Wole Soyinka a 2024. Gyaran gini abin yabo ne. Sai dai abin da ke raya zaure shi ne jadawali: me za a yi a cikinsa ranar Asabar mai zuwa, da ta bayanta, har shekara ta zagayo? Magina ba za su amsa wannan ba.

Ina ɗalibin harshe ya shigo?

Na farko, ta ƙofar rubutu. Bayanin da ake ba mai sauraro dole ya zama gajere, gaskiya, mai jan hankali, wanda ba ya raina wanda bai sani ba. Mu da muka koyi nazarin jigo da zubi da salo a waƙoƙin Aƙilu Aliyu da Mamman Shata, mun riga mun koyi yadda ake warware aikin fasaha a bayyana shi ga wani.

Na biyu, ta ƙofar fassara. Yawancin waƙoƙin wannan fanni da Italiyanci da Jamusanci da Latin aka rubuta su. A 1983 wani kamfanin wasan waƙa na birnin Toronto a Kanada ya fara haska fassara a saman dandamali yayin da ake rerawa, kuma dabarar ta bazu a duniya. Me zai hana a haska ta da Yarabanci ko Ibo ko Hausa? Daga Obalende zuwa Onikan tafiyar ƙafa ce, ga kuma Agege da Idi-Araba cike da masu jin Hausa. Wanda ba a taɓa gayyatarsa da harshensa ba, ba a da hujjar cewa ba ya so.

Na uku, ta ƙofar sanin al'ada. Mai shirya taro a Nijeriya wata rana zai so ya haɗa gogen Hausa da na Turawa a dandamali ɗaya, ko ya buɗe biki da algaita. Idan bai san cewa kakaki da tambari kayan sarauta ne, ba a busa su ko a buga su ga kowa ba, zai yi ɓatanci yana zaton karramawa yake yi. Idan bai san cewa makaɗin baka ba ya auna waƙarsa da minti, kuma ya saba da masu yi masa kari a fili, zai rubuta yarjejeniyar da ba za ta yi aiki ba. Irin wannan sani a ajinmu ake samun sa. Mu da muka koyi Hausa da girmanmu mun ma san wani abu na daban, wato yadda baƙo yake ji idan ya shiga wurin da kowa ya san ƙa'ida sai shi. Haka mai zuwa taron kiɗa karon farko yake ji, ba ya ma sanin lokacin da ake tafi.

Abin da za a iya cewa

Wani zai ce, ba mu iya karanta alamomin kiɗa ba. Gaskiya ne, kuma wanda yake son wannan aiki dole ya koyi abin da ya sawwaƙa, ya kuma yi sauraro mai yawa. Amma fa a yau kusan duk ayyukan da na ambata suna kan intanet kyauta, kuma da yawa daga cikin jami'o'inmu na kudu suna da sashen kiɗa ko na wasan kwaikwayo, inda za a iya ɗaukar kwas na zaɓi. Nsukka ta buɗe nata tun farkon shekarun 1960.

Wani kuma zai ce guraben aikin kaɗan ne, albashin ma ba mai yawa ba ne a farko. Wannan ma gaskiya ne, ba zan yaudari kowa ba. Sai dai wanda ya iya tsara jadawali da kasafi da yarjejeniya don taron kiɗa, ya iya su don bikin littattafai da na finafinai, da gidan tarihi, da majalisun al'adu na jihohi, da cibiyoyin al'adu na ƙasashen waje irin su Goethe-Institut da Alliance Française da British Council. Ƙwarewar ɗaya ce, kasuwanninta ne suke da yawa.

Akwai kuma wanda addininsa ko tarbiyyarsa ba su bar shi ya kusanci kiɗa ba. Wannan ra'ayi ne da ya cancanci girmamawa, kuma fagen gudanar da al'adu yana da faɗi. Adana tsofaffin rubuce-rubucen ajami da shirya gasar rubutattun waƙoƙi su ma suna bukatar irin wannan mutum.

Kammalawa

Shawarata ga ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa ita ce mu fara daga inda muke, domin da rarrafe yaro kan tashi. A makon Hausa mai zuwa, mu nemi haɗin kai da ɗaliban sashen kiɗa mu shirya zama na awa ɗaya kacal. Mu zaɓi aiki ɗaya na marubucin kiɗa ɗan Nijeriya, da ɗaya na Bature, da makaɗin goge ko na kuntigi guda. Mu rubuta kasafi na gaskiya, mu rubuta wasiƙar neman tallafi, mu nemi izinin masu haƙƙi, mu buga bayani na shafi ɗaya da Hausa da Ingilishi. Bayan taro mu ƙirga waɗanda suka zo, mu tambaye su abin da ya burge su da abin da ya gundure su, mu rubuta mu ajiye wa 'yan baya. Wanda ya yi haka sau uku kafin ya kammala digiri, yana da abin nunawa ranar neman aiki wanda takardar shaida kaɗai ba za ta ba shi ba.

Takardun Sowande da Bankole da Uzoigwe ba za su iya tashi su kai kansu zaure ba, kuma kowace shekara masu iya ba da labarin marubutansu raguwa suke yi. Idan babu wanda ya sa su a jadawali, wata rana wasu ne za su tsince su a wani tsohon gida, su gabatar mana da su kamar baƙi. Allah ya ba mu ikon riƙe namu, ya kuma sa mu kammala karatu lafiya, amin.